Turancin da muke rubutawa: wanne ne kuskure, wanne ne namu?

Mai_Kwamfuta_BauchiRoad:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da shagon buga takardu a Bauchi Road, kusa da jami'a. Aikina kullum furojet na ɗalibai ne, da takardun neman aiki, da katin ɗaurin aure. Abin da na lura da shi, kalmomin da mutane ke kuskurewa ba wasu masu yawa ba ne, su ɗin dai ne ke ta dawowa, kuma mai digiri da ɗan sakandare wuri ɗaya suke tuntuɓe. "I am writting to apply" da t biyu. "Your's faithfully" da 'yar alamar nan kafin s. "Recieve", "seperate", "accomodation" da m ɗaya. Wasiƙa za ta je wa shugaban makaranta, a rubuta mata "The Principle" a sama.

Waɗannan ina gyara su ba sai na tambayi mai takarda ba. Inda kaina ke ɗaurewa shi ne kwamfuta ta ja jan layi ƙarƙashin "centre" da "colour" da "programme", alhali haka aka koya mana tun firamare. Ga kuma irin su "trafficate" da "installmentally" da manya ke rubutawa har a takardar ofis. In na canza, mai takarda ya ji haushi. In na bari, malaminsa ya dawo masa da ita. To malaman Turanci da ke zauren nan, ku raba mana gardama: wanne ne kuskure tsantsa, wanne ne bambancin ƙasa kawai?

Ɗan_Rikkos:
Wa alaikumus salam. Maganar jan layi mai sauƙi ce, Malam. Kwamfutarka a kan Turancin Amurka aka saita ta, yawancinsu haka suke zuwa. Ka shiga wajen zaɓen harshe a Microsoft Word ka mayar da ita Turancin Birtaniya, layin zai bar "centre" ya koma ƙarƙashin "center".

Malama_Gangare:
Na gode da wannan tambaya, domin ita ce ciwon da nake fama da shi a aji. Turanci nake koyarwa a sakandare, kuma ina zuwa duba takardun jarrabawa. A tambayar insha'i ta WAEC maki 50 ne, an ware 10 daga ciki domin tsabtar rubutu: harafi, alamomi da nahawu. Kowane kuskure rabin maki yake ci. Kuskure 20 ya share goman nan ƙaf, kuma wallahi yara da yawa kafin su kai ƙarshen shafin farko sun riga sun rasa ta. Yaro ya zo da tunani mai kyau, ya tsara zancensa, amma "begining" da "untill" da "tommorow" su ja shi ƙasa. Abin da ciwo.

Game da "writting", ga yadda nake nuna wa ɗalibaina. Ku saurari wasalin da ya zo kafin baƙin. In gajere ne, ana ninka baƙin: "written", "dinner", "hopping". In dogo ne, ba a ninkawa: "writing", "dining", "hoping". Shi ya sa "dinning table" da muke gani a shagunan kayan ɗaki ba daidai ba ne. Shi kuwa "yours" ba ya ɗaukar wannan alamar ko kusa, haka "hers", "ours" da "theirs". Shugaban makaranta "principal" ne, "principle" kuma aƙida ce ko ƙa'ida.

Baban_Ilham:
Malama, Allah ya saka da alheri. Amma ki ƙara wani abu da ya shafe mu mu Hausawa. A harshenmu in an ninka baƙi kunne yana ji: baba daban, babba daban, kowa ya ji ya san yadda zai rubuta. A Turanci ba a furta ninkin. Wanda ya ce "accommodation" ba za ka ji c biyu da m biyu a bakinsa ba, haka "committee" da "embarrass" da "necessary". To yaronmu ya saba amincewa da kunnensa, kunnen kuma a nan ba ya taimakonsa. Irin waɗannan sai dai ido ya haddace su.

Malama_Gangare:
Gaskiyarka, Baban Ilham. Ƙa'idar da na kawo tana aiki ne wajen ƙara wa kalma jela. Waɗanda ka lissafa sai hadda.

Mai_Fenti_Terminus:
Ni allon shago nake rubutawa, sai ku ji tawa. Mutum zai zo da 'yar takarda a ninke cikin aljihu, an rubuta da biro: "Plot for sell", ko "Barbing Saloon", ko "Fresh fish is availabe". Na taɓa ce wa wani mai aski a Dilimi "salon" ake rubutawa da o ɗaya, mai o biyu irin mota ce ko mashaya. Ya fito da ni bakin titi ya nuna min shago uku a jere, duk "saloon", ya ce su duka ba su sani ba sai ni? Na rubuta masa yadda yake so. Fenti kuɗi ne, in ka rubuta naka ya ƙi karɓa asararka ce. Abin da ke damuna, 'yan makaranta na wucewa ta gaban allunan nan safe da yamma. Abin da idonsu ya saba gani shi za su zuba a takardar jarrabawa.

Hajiya_AngwanRogo:
Allah ya yi maka albarka da ka gaya masa, ko bai karɓa ba. Ka ci gaba da faɗa.

Injiniya_Bukuru:
Ni fa ina ganin mun cika matsa wa kanmu. Harshen nan ba namu ba ne, kawo mana shi aka yi, mun riƙe shi sama da shekara ɗari, mun yi masa namu gyaran. Ba'amurke ya cire u daga "colour" ba wanda ya ce masa jahili, mu in mun ce "trafficate" sai a yi mana dariya? A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, ciki har da "okada", "danfo", "mama put", "next tomorrow", "ember months", "Kannywood", har da "barbing salon" ɗin da Mai Fenti ke magana a kai. Daga baya sun ƙara wasu, irin su "japa" da "suya". In su masu harshen sun karɓa, mu mene ne namu na ƙi?

Mai_Fenti_Terminus:
Injiniya, ka dai duba da kyau, "salon" suka sa, da o ɗaya.

Malama_Gangare:
Injiniya, ina tare da kai rabin hanya. Turancin Najeriya gaskiya ne, ba abin kunya ba ne, ni ma da shi nake magana a kasuwar Katako. Amma ƙamus irin na Oxford aikinsa ya adana abin da mutane ke faɗa, ya kuma nuna a ina ake faɗarsa. Kusa da kalmomin nan an rubuta cewa na Najeriya ne. Ɗauki "severally". Mu muna nufin sau da yawa, su kuma a wajensu, musamman a takardun shari'a, tana nufin kowa daban-daban. Ka rubuta wa kamfanin waje "I called you severally", mai karantawa zai tsaya yana tunanin me kake nufi.

Sannan kada mu haɗa abu biyu. "Next tomorrow" kalma ce da al'umma guda ta yarda da ita, kowa ya san jibi ake nufi. "Recieve" kuwa ba Turancin Najeriya ba ne, ba na ko'ina ba ne, kuskure ne a Landan, kuskure ne a Farin Gada. Kada a fake da kishin ƙasa a bar yaro da shi.

Injiniya_Bukuru:
Na yarda da batun "recieve". Amma "equipments" da "furnitures" da "staffs" fa? Duk ƙasar nan haka ake faɗa, har a labaran rediyo.

Malama_Gangare:
A jarrabawa za a ja musu layi. Har gobe ina ja.

Injiniya_Bukuru:
To ai nan ne nake cewa masu tsara jarrabawar su sake tunani.

Mazan_Jiya_Naraguta:
Ku ba ni dama in ɗan koma baya, don ɗalibai su daina ganin kamar ƙwaƙwalwarsu ce ba ta ja. Rubutun Turanci a hargitse yake tun asali. Haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka kusan 44. A 1066 Normandawa daga Faransa suka ci Ingila, kalmomin Faransanci suka kwararo da nasu salon rubutun. A 1476 William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Ingila, rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya, alhali a daidai wannan zamanin furucin wasula yana ta canzawa a bakin mutane. Baki ya yi gaba, takarda ta tsaya. A da ana furta k ɗin "knife" da "knee", ana furta gh ɗin "night". Wasu haruffan ma da gangan masana suka cusa su don a ga asalin Latin, kamar b a "debt" da "doubt", ba a taɓa furta ta ba.

Bambancin da Mai Kwamfuta ya tambaya kuma, Samuel Johnson ya fitar da ƙamus ɗinsa a Landan a 1755, shi ya ƙarfafa salon Birtaniya. Noah Webster ya fitar da nasa a Amurka a 1828, da niyyar ƙasarsa ta tsaya da ƙafarta har a rubutu, shi ya yaɗa "color", "center" da "defense". Mu gadon Birtaniya muka ci, ku duba sunayen hukumominmu: "Ministry of Defence" da c, "Labour" da u, asibitocin tarayya "Medical Centre". Don haka takardar da za ta shiga ofis a ƙasar nan, salon Birtaniya ya fi dacewa da ita.

Ummu_Sudais:
Baba Mazan Jiya, wannan bayani ya sanyaya min rai. Ɗana kullum tambayata yake me ya sa "though", "through", "tough" da "thought" suke kama a ido amma kowanne da furucinsa. Yau na samu abin gaya masa.

Kofa_Laranto:
Ƙarin bayani ga masu shirin fita karatu: a jarrabawar Turanci ta IELTS ana karɓar salon Birtaniya da na Amurka duka. Abin da ake so ka riƙe guda. Kada ka rubuta "colour" a layin farko, "center" a na uku.

Sani_Mai_POS:
Ni nawa ya wuce jarrabawa. Ƙanwata sunanta a takardar makaranta "Maryam", a wata takardar "Mariam", sunan mahaifinmu kuma wuri ɗaya "Muhammad" wani wurin "Mohammed". Da aka zo haɗa lambar NIN da BVN sai da muka yi takardar rantsuwa a kotu, muka yi ta zirga-zirga. Wa ke da laifi a nan, mu ko masu rubutawa?

Hajiya_AngwanRogo:
Wannan ya ci mutane da yawa, ɗana. Iyaye su zaɓi rubutu ɗaya tun daga takardar haihuwa, su rubuta da hannunsu su miƙa wa ma'aikaci, kada su faɗa da baki. Kuma a karanta kafin a bar wajen.

Mai_Kwamfuta_BauchiRoad:
Sani, ka taɓo babban abu, amma suna ba shi da ƙamus, wannan sai mun buɗe masa tasa muhawarar. Na bi shawarar Ɗan Rikkos, jan layin ya tafi. Sai dai ga wata: yau na buga wa wani "I will loose my job", kwamfuta ba ta ce komai ba. Sai da na sake karantawa na gani.

Ɗan_Rikkos:
Ba za ta ce komai ba, don "loose" kalma ce mai zaman kanta, sako-sako ke nan. "Lose" ce rasawa. Kwamfuta ƙamus take dubawa, in kalmar na ciki sau da yawa sai ta wuce. Irinsu ne suka fi haɗari: "been" da "being", "cause" da "course", "stationary" da "stationery", "quite" da "quiet". Ga kuma "complement of the season" da ake turowa duk Disamba, alhali "compliments" ne.

Malam_Dauda_AliKazaure:
Akwai wanda kowa ke kewaye shi, bari ni in faɗa. P da f. Hausa ba ta raba su a matsayin sautuka biyu, shi ya sa yaronmu zai rubuta "full" yana nufin "pull", ko "pan" a wurin "fan". Haka b da v. Ina koyar da 'yan firamare, abin da nake yi shi ne in kawo ƙaramin madubi aji. Yaro ya kalli bakinsa: a p leɓɓa biyu ne ke haɗuwa su fashe, a f haƙoran sama ne ke sauka kan leɓen ƙasa iska na fita. Sai in ba shi guntun takarda ya riƙe a gaban baki, in ya ce "pan" takardar ta yi tsalle. Yaran suna son wasan, kuma wanda bakinsa ya raba su, hannunsa ma yana rabawa.

Abba_Yanshanu:
Malam Dauda, wannan maganar ce ake yi mana gori da ita tun muna yara. Ni na gaji da jin ta.

Anti_Ladi_TudunWada:
Ƙanena Abba, kada ranka ya ɓaci, kowane harshe da inda yake kama mai shi. Ni ba Bahaushiya ba ce, a Jos aka haife ni, kuma a ajin da nake koyarwa akwai yara daga kowane ɓangare. Waɗanda ba su da matsalar p da f suna da tasu: th takan zame musu t ko d, sai ka ga "taught" a wurin "thought", "order" a wurin "other", "fate" a wurin "faith", "border" a wurin "bother". Wasu kuma h ce ke ɓace musu ko ta shigo inda ba a gayyace ta ba. In na ɗauki littafin yaro, sau da yawa daga kuskurensa nake gane harshen da ake yi a gidansu. Malamin kirki da wannan yake amfani ya san inda zai taimaki kowane yaro. Gori kuwa rashin tarbiyya ne, ko daga wa ya fito.

Abba_Yanshanu:
Na gode Anti. Abin da ya sa na yi magana, na san manya masu hankali da suka daina rubuta komai a Facebook saboda an taɓa ɗaukar hoton kuskurensu ana yaɗawa. Mutum ya kawo magana mai ma'ana kan ruwan sha ko tsaro a unguwa, a bar maganar a kama harafi.

Hajiya_AngwanRogo:
Wannan gaskiya ne. In za ka gyara wa mutum, bi shi ta akwatin sirri.

Tsohon_Kashiya:
Na yi aiki a kan kanta a wani banki shekarun baya. Wajen rubuta kuɗi da kalmomi a cak, ga waɗanda suka fi zuwa: "fourty", "ninty", "eigth". Daidai su ne "forty" ba u, duk da "four" da "fourteen" suna da ita, sai "ninety" da e, amma "ninth" ba e. Dattijo zai tsaya a layi ya gaji, a ce ya gyara ya sa hannu a kan gyaran, ka ga ransa ya ɓaci. Malamai ku ba wa lambobi rana guda a aji, kowa zai buƙace su.

Zee_Unijos:
Ni a ganina waya ce ta lalata mu. "U", "d", "dat", "bcos", "gud nyt". Na ga wadda ta rubuta "pls" a amsar jarrabawa.

Ɗan_Rikkos:
Wancan salon yana da dalili a lokacinsa. Da GSM ta shigo a 2001, saƙon tes harafi 160 ne kacal, in ka wuce a caje ka kuɗin biyu, dole a taƙaita. Yanzu a WhatsApp ba mai ƙirga maka harafi, sabo ne kawai ya rage. Amma "writting" ta girmi waya, Zee. Ki duba tsofaffin wasiƙu a gidanku.

Malam_Dauda_AliKazaure:
Mu da muke ta kuka da Turanci, Hausar fa? A zauren nan ana rubuta "nagode" da "inaso" da "yakamata" a haɗe, ana rubuta "kasa" ba a san ƙasa ake nufi ko kasa ba. Yaron da bai saba kula da rabon kalma a harshen uwarsa ba, shi ne zai rubuta "alot" da "infact" da "atleast" da "inspite". Hali ɗaya ne.

Baban_Ilham:
Ban yarda hali ɗaya ba ne, Malam. Turawa ma suna rubuta "alot", su da ba su san "nagode" ba. Abin da ke ruɗa mutane, akwai "already" da "although" da "instead" da "indeed" da suke a haɗe da gaske, sai mutum ya ɗauka sauran ma haka suke.

Malam_Dauda_AliKazaure:
To ko ma dai mene ne sanadin, a koya wa yaro duka biyun.

Ɗalibar_SS3:
Don Allah Malama Gangare, ina da tambaya. Na ga "irregardless" da "gonna" da "ain't" a ƙamus na waya. Tunda suna ciki zan iya sa su a insha'i? Sannan "alright" ko "all right"?

Malama_Gangare:
'Yata, in kin buɗe ƙamus kada ki tsaya a kan kalmar, ki karanta ɗan rubutun da ke gefenta. Ƙamus ɗin Merriam-Webster ya sa "irregardless", amma ya yi mata alamar cewa ba ta cikin daidaitaccen Turanci. "Regardless" za ki rubuta. "Gonna" da "ain't" na hira ne da waƙa, ki bar su a can. "Alright" ta yaɗu ƙwarai, amma a jarrabawa ki rubuta "all right", ba mai ja miki layi a kanta. Ki samu ƙaramin littafi, duk kalmar da aka gyara miki ki rubuta daidai ɗinta kawai, kada ki rubuta kuskuren kusa da ita, don ido yana riƙe duka biyun.

Kofa_Laranto:
Malama, ƙa'idar nan ta i kafin e sai bayan c fa? Da ita na haddace "receive" da "believe".

Malama_Gangare:
Tana taimako a waɗannan biyun da irinsu, amma kada ka dogara da ita gaba ɗaya. "Seize", "weird", "height", "foreign" da "science" duk sun karya ta.

Injiniya_Bukuru:
Har yanzu ba wanda ya ba ni hujjar da ta gamsar da ni kan "equipments". Ba'amurke ya samu Webster ya tsaya masa. Mu ma muna da farfesoshin harshe a jami'o'inmu, su zauna su fitar da matsaya kan abin da za a karɓa a makarantun ƙasar nan.

Anti_Ladi_TudunWada:
Kafin su zauna, Injiniya, 'yarka za ta shiga ɗakin jarrabawa. Me za ka ce ta rubuta?

Injiniya_Bukuru:
"Equipment", ba s. Amma maganata tana nan.

Mai_Kwamfuta_BauchiRoad:
Wata ta sake tasowa yanzu. Na mayar da kwamfutar Turancin Birtaniya, amma ta bar "organise" ta kuma bar "organize", ba ta ja wa ko ɗaya layi ba. Ɗalibin yana zaune a gabana, furojet ɗinsa na ɗauke da duka biyun.

Mazan_Jiya_Naraguta:
Duka biyun suna halatta a Birtaniya, madaba'ar Oxford ma z take amfani da ita. Sai dai "advise", "surprise" da "exercise" kullum da s suke, ko a Amurka. Ka tambaye shi wanne malaminsa yake rubutawa, ku bi wannan daga shafin farko har na ƙarshe.